Kaset Ɗin Naomi Daga Landan

Sallama gare ku masu bibiyata. Na ga saƙonninku, na masu addu'a da na masu zagi. Baiwar Allahn da ta rubuto cewa tsohuwa kamata ta ji tsoron Allah ta kama carbi, na gode, carbin yana hannun hagu, da dama nake rubutun. Ni abin da ya same ni nake faɗa, ban ce kowa ya bi sawuna ba. Wanda yau ya fara shigowa, sunana Shafa'atu, kuma abin da zan ba ku ya faru ne a Alƙahira a shekarar 1984, ina da shekara ashirin da uku.

Abbana, Malam Sabo, tafinta ne a ofishin jakadancinmu da ke Zamalek. Mu kuwa ba mu da ƙarfin zaman Zamalek, a Giza muke, hawa na huɗu, a wani bene da matattakalarsa ke warin kifi da kananzir. Mu uku ne a gidan, ni da Abba da Umma, don ƙannena maza an mayar da su Zariya makarantar kwana. Ina karatun haɗa magunguna a jami'a. Umma kuwa shekara tara a Masar amma Larabcinta bai wuce na cinikin tumatir ba. Wuni take a falo da rediyo, tana laluben tashar da za ta yi mata Hausa.

Sai Naomi. Mahaifinta direba ne a ofishin su Abba, mutanen Kagoro ne, gidansu layi biyu da namu. Ita ce ke yi wa Umma kitso, ita ce ke zuwa ran Sallah ta fi kowa cin waina, har Umma tana ce mata 'yata ta coci. Zan faɗa muku kai tsaye don kar wata ta zauna tana lissafi: abin da ke tsakanina da Naomi ya wuce ƙawance. Sonta nake, tana sona, shekara huɗu muna a haka ba wanda ya sani. Sunan da mutane ke kiran irinmu na san shi, ba sai kun tuna min ba.

A ƙarshen 1983 mahaifinta ya yi ritaya ya koma gida, ita kuma ta samu gurbin karatun jinya a Landan. Tun da jirginta ya tashi Alƙahira ta zame min kango. Garin da ko tsakar rana ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniya, ni shiru nake ji a cikinsa. In shiga motar haya a matse ni ta ko'ina, in sauka ban yi magana da kowa ba. In dawo gida in tarar da Umma, in yi mata dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ku 'yan yanzu da kuke danna waya murya ta isa Landan kafin ku sauke hannu, ba za ku gane ba. Mu kaset muke yi. Ka zauna gaban rakoda ka yi gaisuwa, ka ba da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, ka nannaɗe a takarda ka ba matafiyi. Kuma kaset in ya iso ba na mutum ɗaya ba ne, na gida ne. Zama ake a saurara tare, ana amsa gaisuwar kamar mai maganar yana ji. Ka ɗauki kaset ka shige ɗaki kai kaɗai, ai ka tona wa kanka asiri.

To ni da Naomi sai muka yi dabara. Gaban kaset na gida ne, da Hausa, ta gaida Abba, ta tsokani Umma. Bayansa kuma nawa ne, da Turanci, don Umma ba ta ji. Tsohuwar rakodarmu in gaba ya ƙare sai ta yi ƙas ta tsaya. Umma ta ce, "Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka," ni kuma in zare kaset in ce zan adana. Washegari in Umma ta kwanta hutun rana, in ɗauki rakodar da kwandon wanki in hau saman bene wajen shanya, in juya kaset, in kara kunnena.

Farko-farko bayan kaset ɗin nan kuka ne da kewa. Daga baya sai ya fara zama wani abu daban. Naomi ta gamu da wasu mata irinmu, 'yan Ghana da Jamaika da Indiya, suna taro ran Asabar a wani ɗaki a ƙarƙashin shagon littattafai. Ta ce gardama suke har shayi ya huce. Wasu su ce a bi ta kotu da 'yan majalisa a canja doka. Wasu su ce a fito titi da rani a yi jerin gwano, fuska a buɗe, gari ya ga yawansu. Ita kuwa Naomi tana ɓangaren masu cewa daga gida za a fara. Wai mutum yana iya tsanar baƙon da bai taɓa gani ba, amma da wuya ya tsani 'yar da ya goya. Wai in kowacce ta faɗa wa uwarta, rana ɗaya za a wayi gari babu gidan da bai san wani ba. Har takarda suke shiryawa da za su aika wa wata 'yar jarida tasu, matan Afirka ashirin, kowacce da sunanta na yanka. Sun samu sha ɗaya.

Ranar da na ji wannan, saura kaɗan in wurgo rakodar daga saman bene. Na yi mata nawa kaset ɗin raina a ɓace. Na ce, Naomi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kina Landan, iyayenki suna Kagoro, teku ne tsakaninku. Ni labule ne tsakanina da Umma. Kuma Umma ba ta da kowa a garin nan sai ni, ni ma ba ni da kowa sai ita. In na rasa ta, wace 'yar Jamaika ce za ta zo ta zame min uwa?

Abin da nake tsoro ke nan, jama'a. Ba duka ba, ba kora ba. Kar Umma ta dube ni ta ga baƙuwa.

Ana cikin haka Mas'udu ya fito. Ɗan Damagaram ne, yana karatun adabin Larabci, yana zaune Hay el-Sabi' unguwar ɗalibai. Yakan zo wajen Abba ya taya shi fassarar takardun Faransanci. Dogo, siriri, kullum cikin shadda mai guga da agogo mai baƙin maɗauri, in ya zauna sai ya tattare bakin rigarsa kamar kujerar za ta ɓata ta. Bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, sai ji na yi wai ya aiko malaminsu wajen Abba.

Umma kamar ta taka rawa. Dama kowace wasiƙa daga Zariya da tambaya ɗaya take ƙarewa, yaushe za mu zo cin shinkafar Shafa'atu.

"Sa'o'inki duk da goyo," in ji ta, tana fito min da atamfa mai ruwan goro daga ƙasan akwati. "Ba tilas zan miki ba, Abbanki ma ya ce sai abin da kika ce. Amma ki dube ni. Ina so in koma gida kaina a ɗage."

"Umma karatuna fa?"

"Karatun cinye shi zai yi? Shi ma ai ɗan boko ne. Ɗaura wannan ɗankwalin, wancan ya sa kin yi kama da mai takaba."

Ran Juma'a bayan la'asar ya zo zance. Umma ta shimfiɗa mana darduma a baranda, ta bar ƙofa a buɗe, ta shiga kicin tana ta buga tukwane don mu san tana nan. A ƙasa masu mota suna ta hon, mai lemo yana ta kiran ciniki. Na ajiye masa shayi na koma gefe na zauna, na shirya kalmomin da zan sallame shi da su cikin mutunci.

"Lahiya lau, Malama Shafa'atu?"

"Lafiya ƙalau."

Ya juya kofin a hannunsa ya juya. Sannan ya rage murya yadda hayaniyar titi za ta rufe ta.

"Ranar da ƙawarki ta tahi Landan ina filin jirgi. Na raka wani. Na gan ki."

Na ce, "Kowa yana kuka in ƙawarsa ta tafi."

"Ke ba ki yi kuka ba. Tsayawa kika yi kina kallon ƙofar har aka share wurin. Na san tsayuwar nan, ni ma na yi ta. Sunansa Hassumi, an mayar da shi Maraɗi an yi masa aure bara."

Shekara huɗu ina ɓoye abu a ƙirjina, ga wani ya zo da shaddarsa ya faɗe shi tsakanin kurɓar shayi biyu. Tsoro ya kama ni, sannan wani sanyi ya bi bayansa, don rabon da in zauna da wanda ya san ni tun tafiyar Naomi.

"To me ya kawo ka?" na ce.

"Rufin asiri, naki da nawa. Mu yi aure. Ki yi ɗakinki in yi nawa. Iyayenki su huta, nawa su huta."

Ya ce ba shi ya fara ba. Akwai gidaje uku da ya sani irin wannan, ɗaya a Yamai, ɗaya a Kano, ɗaya a nan. Kuma ba ɓuya kaɗai ba ce, in ji shi. Duk wanda aka gano aka koro, gidajen nan yake sauka, a ce ƙanin maigida ne, har ya samu inda zai dafa. Gida na huɗu yake so mu zama.

Na ba shi labarin takardar su Naomi da sunaye ashirin. Ya yi murmushi mai ɗaci.

"Na yi hutu a Paris, na ga masu jerin gwanon. Ban raina su ba, sun hi ni zuciya. Amma su in an kama su akwai lauya, akwai jarida. Ke in sunanki ya hito, wa zai tsaya miki? Aikin Malam ma sai ya girgiza. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Malama."

"Naomi za ta ce munafunci ne."

"Ta ce. Mu dai mu rayu tukuna, sannan a yi gardamar suna."

Na ce ya ba ni wata guda. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya leƙa kicin ya yi wa Umma sallama har da durƙusawa. Da ya fita Umma ta ce, "Kin ga ɗan mutane?" Ni kuwa gaba kura baya sayaki. In na bi Mas'udu, Naomi ba za ta yafe min ba. In na bi Naomi, na rasa Umma. A kaset na gaba na faɗa wa Naomi komai, ban rage ba, na ba wani ɗalibi mai tafiya.

Sati biyu bayan nan Abba ya bi abokan aikinsa Port Said, inda kaya ke da sauƙi, ya dawo da sabuwar rakoda. Ƙatuwa, baƙa, lasifika biyu, maɓallai kamar gaban jirgi. Umma ta ɗinka mata riga da ragowar leshi, ta ɗora ta a kan kabad kusa da hoton Ka'aba. Tsohuwar kuwa aka ba mai gadin bene. Akwai ɗan littafi a kwalin, da Turanci. Ni ce 'yar jami'a a gidan, ni ya kamata in karanta, ban ko buɗe shi ba. Rakoda ai rakoda ce, haka na ɗauka.

Ran wata Alhamis da hantsi, Abba yana ofis, ni ba ni da darasi, aka ƙwanƙwasa. Baba Atiku ne, abokin aikin Abba, ya dawo daga Landan jiya. Yana haki saboda matattakala ya miƙo ƙunshi.

"Ga saƙon 'yarku. Har masauki ta biyo ni da shi, ta ce hannu da hannu."

Umma ta ba shi ruwa, suka gaisa, ya sauka. Ko mayafinta ba ta cire ba ta ce, "Yalla, sa mana mu ji. Abbanki ya ji nasa in ya dawo."

Na sa. Umma ta zauna a tabarma da farantin shinkafa tana tsince tsakuwa. Muryar Naomi ta cika falon, sabuwar rakodar ta fito da ita tas kamar tana bayan kujera.

"Umma ina wuni, ina gajiya. Wa yake miki kitso yanzu? In Shafa ce na san kanki ya zama gonar da akuya ta shiga."

"Ja'ira," in ji Umma tana dariya. "Lafiya lau, 'yata."

Ta ba da labarin sanyi, da wata tsohuwar Baturiya a asibiti da ke kiranta da sunan kyanwarta, da yadda ta yi marmarin daddawa har ta yi mafarkinta. Muka yi ta dariya. Da ta fara sallama, Umma ta ɗaga hanci.

"Miyar nan tana kamu. Je ki duba."

Na tashi na tafi kicin hankalina kwance. Na san abin da zai biyo baya: ƙas, shiru, sai Umma ta sa albarka. Na buɗe tukunya, na ƙara ruwa, na ɗauki maburgi ina kaɗa kuka. Na ji 'yar ƙara daga falo, na ce to ya ƙare. Ashe sabuwar rakodar irin mai juya kanta ce. In gaba ya ƙare ba ta tsayawa, bayan take kamawa.

"Shafa."

Maburgin ya tsaya a hannuna.

"Shafa, yau ba zan miki Turanci ba. A taronmu wata ta ce duk abin da ba ka iya faɗa da harshen da uwarka ta yi maka rarrashi ba, kai ma ba ka yarda da shi ba tukuna. Na yi ta tunani. Shekara huɗu ban taɓa ce miki ina sonki da Hausa ba. To ina sonki. Ba son ƙawa ba, kin sani, na sani."

Ban san lokacin da na iso falo ba, hannuna duk kuka. Na nufi kabad. Umma ta ɗaga hannu ɗaya ba ta ko dube ni ba.

"Bar shi."

"Umma, wasa ne take..."

"Na ce bar shi."

Na tsaya a tsakiyar falo kamar an dasa ni. Naomi ta ci gaba, ita ba ta san inda muryarta ta sauka ba. Ta ce ta ji zancen Mas'udu, ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta ce ba ta zarge shi ba, amma gidan da aka gina don ɓuya, a ɓoye za a tsufa a cikinsa. Ta ce ta rubuta wa mamanta wasiƙa ta faɗa mata, wata biyu ke nan ba amsa, kullum sai ta duba akwatin wasiƙu. Nan muryarta ta karye. Ta ce sunaye sun kai sha huɗu, nata ne na sha biyu. Ba ta ce in sa nawa ba. Cewa ta yi, "Umma tana sonki fiye da yadda kike zato. Ki gwada ta."

Sai shuuu, zaren yana tafiya ba magana.

Umma ta ture farantin shinkafar gefe. Fuskarta ba fushi, ba hawaye, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Da ta zage ni, da ta jefe ni da farantin, da na san inda nake.

"Shi Mas'udun ya san da wannan?"

"Ya sani."

"Ya sani yake neman ki." Ta dubi tabarma. "Shi ma irinku ne ke nan."

Na kawar da kai. Baki shi ke yanka wuya, kuma wuyan ba nawa ba ne ni kaɗai.

Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. Ta cire kaset ɗin ta duba shi gaba da baya. Naomi ta ɓalle 'yan haƙoran da ke hana a yi wani ɗauka a kai. Umma da ba ta karatun boko ta san wannan sarai, don ta sha shafe tsofaffin kaset ta aika Zariya. Ta yagi gefen kalanda, ta dunƙule, ta cusa a ramukan. Ta mayar da kaset ta ɓangaren baya, ta ce in mayar da zaren farko. Na mayar.

"Wanne ne na ɗauka?"

Na nuna mata jan maɓallin. Ta danna da kanta.

Ina tsaye ina kallon zaren yana juyawa, yana cinye muryar Naomi kalma bayan kalma. Sau ɗaya tak aka taɓa ce min ana sona da Hausa, ga shi ana shafewa a gabana, kuma ni na nuna maɓallin.

Umma ta gyara murya, ta yi irin muryar da take yi wa baƙi.

"Naomi, Umma ce. Mun ga saƙo, mun gode, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Gaban kaset mun ji shi lafiya lau. Bayansa kuwa injin nan sabo ne, bai fito da komai ba, ban ji komai ba. Ina sanar da ke an ba da 'yar'uwarki, biki bayan Babbar Sallah in Allah Ya kai mu. Ki taya ta da addu'a. Daga yau in za ki yi saƙo, ki yi gaba kaɗai, ya ishe mu. Ga ta ku gaisa."

Ta matsa gefe. Jar fitilar tana kunne. Ta dube ni a karo na farko tun da abin ya fara, kuma na gane kallon. Roƙona take. Ta buɗe min ƙofa, ta share min hanya: ban ji ba, ba ki faɗa ba, mu ci gaba da zamanmu. Abin da Mas'udu ya zo da shi ke nan, ga shi uwata ma ta iso gare shi da kanta ba wanda ya koya mata. Kalma biyar kawai ake nema a bakina. Naomi ina gaisuwa, sai biki.

Na rantse muku na buɗe baki da niyyar faɗar su. Ni ba jaruma ba ce, ban taɓa zama ba. Amma sai na hango Naomi a ɗakinta a Landan, ta dawo daga duba akwatin wasiƙun da ba komai a ciki, ta sa kaset ɗin nan, ta ji ni ina mata muryar baƙi. Na san ciwon zama kai kaɗai a gari mai mutum miliyan. Ban iya ƙara mata ba.

"Naomi, ni ce. Umma ta ji, ga ta nan kusa da ni. Abin da kika faɗa gaskiya ne. Ni ma haka."

Umma ta fizge wayar daga bango. Fitilar ta mutu.

Muka tsaya. A ƙasa wani yana ta hon kamar zai fasa unguwar. Miyar da na bari ta fara ƙauri, ba wadda ta motsa.

"Umma," na ce. "Umma, ni ce fa. Ban canja ba."

Ta zare kaset ɗin, ta ƙulle shi a gefen zaninta inda take ƙulle goro, ta ɗauki farantin shinkafarta ta shige kicin. Na bi ta. Na ɗauki wuƙa zan yanka albasa, ta karɓe a hankali ta ce, "Bari, na gode." A rayuwata Umma ba ta taɓa gode min don aikin kicin ba.

Na koma falo na zauna. Na yi sallar azahar ban san me na karanta ba. Ina jin ta tana kwashe miya, tana tuƙa tuwo, tana jera kwanuka, komai a kan ƙa'ida kamar kowace Alhamis.

A Zariya uwa ba ta cin abinci da 'yarta ta fari, kunya ba ta bari. Amma tun da muka zo Masar ba ta da abokin ci, sai ta ajiye kunyar, shekara tara kwano ɗaya muke sa hannu ni da ita, tana ture min nama ta ɓangarena tana cewa ita haƙorinta ya gaji. Ranar sai ga ta ta fito da tire. Ta durƙusa ta ajiye a gabana: kwanon tangaran mai fure wanda ake fitowa da shi in matar jakada ta zo, da cokali, da kofin ruwa a kan 'yar faranti, har da nama uku a sama.

"Bismillah," ta ce.

Ta ɗauki nata kwanon ta koma kicin ta jawo ƙofa. Ina zaune gaban tuwon ban taɓa ba, na ji takun Abba a matattakala, yana hawowa a hankali yana karkaɗa makullansa.